Labarin Da Na Riga Kowa Bugawa

Birnin Kudu,
Watan Mayu.

Zuwa ga matata Nasiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya kumburin ƙafar, ya ragu? Ki gaishe min da Baba da Inna, ki ce ina neman addu'arsu.

Na san kina kewar wayarki. Ni ma duk sanda na ɗauke ta sai na ji nauyi, don tunda tawa ta mutu ke kika ce in tafi da taki, ba ni na roƙa ba. Ba na son mu riƙa maganarmu a wayar Baba kowa yana ji, shi ya sa zan riƙa ba Hambali direba takarda in zai shigo Farin Dutse.

Na sauka wajen abokina Barau, a shagonsa na cajin waya nake kwana. A nan sabis yana kamawa sosai. Kin ce in yi miki bayanin aikin yadda za ki gane. Sunansa bulog, wato shafi ne nawa na kaina a intanet, kamar jarida. In mutane suka yawaita karantawa, sai wani kamfani ya sa talla a kai, ya riƙa biyana. Na buɗe nawa, na yi rubutu kan noman riɗi, da yadda Baba yake adana wake ba tare da ƙwari sun ci ba. Da na ga sunana a ƙasan rubutun, wallahi sai da na yi ƙwalla. Tun da na gama karatu ban taɓa jin ina da amfani kamar ranar ba.

Ki ƙara haƙuri. Kafin ki haihu, in Allah ya yarda, na dawo da abin kirki.

Mijinki,
Saifullahi.

Birnin Kudu,
Watan Yuli.

Nasiha tawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya damina? Takardarki ta iso. Na karanta inda kika ce Baba shi kaɗai yake noman gonar gero, ga ciwon baya. Ranar kasa cin abinci na yi.

Ba zan ɓoye miki ba, abin bai tafi yadda na zata ba. Shafin yana nuna min yawan masu shigowa, kuma yawanci ni ne da Barau. Kamfanin tallar ya ƙi karɓata, wai ba ni da masu karatu. Barau ya yi min dariya, ya ce: "Malam, wanda zai noma riɗi yana gona, ba ya kan waya. Mai waya haɗari yake so, da gobara, da faɗa."

Na ji haushinsa, amma na gwada. An yi dambe a tasha tsakanin wasu direbobi, na ɗauki hoto na sa. Nasiha, kafin la'asar mutanen da suka shigo sun fi duk waɗanda suka taɓa shigowa tun da na fara. Yanzu haka nake yini, ina yawo da wayarki ina neman inda wani abu ya lalace. Wani lokaci in na ji ƙarar birki sai in ji gabana ya faɗi don murna, daga baya in yi istigfari. Ban san yaushe na zama haka ba.

Na yi wa kaina alkawari, da zarar sun karɓe ni zan koma rubutun noma. Kar ki gaya wa Baba wannan.

Naki,
Saifullahi.

Birnin Kudu,
Watan Agusta.

Nasiha,

Assalamu alaikum, ya jikin? A gurguje nake rubutun nan, Hambali yana jirana.

Jiya da yamma ina dawowa daga Sundimina muka tarar mota ta buge wani mai babur. Yana kwance rub da ciki, jini ya rufe shi, mutane suna ta salati. Na ja baya don in samu hoto mai kyau, wasu suka ɗauke shi suka sa a mota. Na tambayi sunansa, wani ya ce Ɗanbala ne, ɗan Maruta. Kafin mu iso gari na buga, na riga kowa. Na rubuta cewa ya rasu nan take, don yadda na gan shi ba alamar rai, kuma irin wannan kanun shi ake buɗewa.

Labarin ya zagaye ko'ina, har daga Kano ana shigowa. Barau ya ce yanzu kam kamfanin ba shi da hujjar ƙina. Da yake Maruta garinku ne, ko kin san mamacin? Allah ya jiƙansa. Ki gaida mutan gida.

Mijinki,
Saifullahi.

Birnin Kudu,
Watan Agusta.

Zuwa ga Nasiha,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan gaishe ki ba. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Muhammad Auwal, ya sa ya huta.

Hambali ne ya gaya min, yana tsaye a ƙofar shago, ko zama ya ƙi yi. Wallahi, Nasiha, ban san cewa wanda 'yan babur suke kira Ɗanbala shi ne Muhammad Auwal ɗan Gwaggonki Turai ba. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar ɗaurin aurenmu, shi ya riƙa raba wa baƙi ruwa.

Amma ba wannan ne yake ci na ba. Hambali ya ce a waya aka nuna wa Gwaggo labarina, ta gane babur ɗin, ta yanke jiki ta faɗi. Wayar Auwal ta fashe a wurin, ba wanda za a kira. Ga ruwa ya tsuge, hanya ta ɓaci. Dattawa suka ce tunda rai ya riga ya yi halinsa, a bari gari ya waye a je a ɗauko shi. Suka sa aka ɗinka likkafani.

Ashe yana da rai. Ya kwana a asibiti a nan Birnin Kudu, ya farfaɗo, yana ta kiran mahaifiyarsa. Da suka iso da safe, suka tarar bai daɗe da cikawa ba, jikinsa ko sanyi bai yi ba. Da na rubuta gaskiya, da na ce ban sani ba, Gwaggo ko da ƙafa sai ta zo a cikin ruwan nan.

Asibitin ba shi da nisa da shagon Barau. Yana can yana kiranta, ni ina nan ina kallon yadda masu karatu suke ƙaruwa.

Na goge labarin, amma wasu sun riga sun kwafa, yana nan yana yawo da sunana a jiki. Zan zo Maruta ta'aziyya. Na ji kin tafi can.

Saifullahi.

Farin Dutse,
Watan Satumba.

Zuwa ga matata Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da cikin, da Gwaggo da duk mutanen gidan. Inna tana gaishe ki, ta ce watanki ya kusa, ki daina ɗaukar kaya mai nauyi.

Ranar da na zo ban gan ki ba. An ce kina ɗaki, ban matsa ba. Ban sani ba ko an gaya miki yadda muka yi da Gwaggo, gara ki ji daga bakina.

A zaure maza suka amsa gaisuwata da ƙyar, wani ƙanin Auwal ya tashi ya fita. Na zaci Gwaggo za ta zage ni, har na so ta yi. Sai ta sa aka shimfiɗa min tabarma kusa da ita. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce: "Saifullahi, an ce kana wurin. Da aka ɗaga shi, ya buɗe ido? Ya ce wani abu?"

Nasiha, ina tsaye a wurin tun kafin a ɗaga shi har motar da ta ɗauke shi ta tashi, amma ban sani ba. Ina can ina gyara hoto, ina neman kalmar da za ta fi jan mutane. Na ce mata: "Gwaggo, ban lura ba." Ta gyaɗa kai, ta ce: "To, Allah ya mayar da kai gida lafiya."

A satin nan kamfanin ya aiko saƙo cewa ya karɓi shafina. Na karanta, na rufe shafin gaba ɗaya. Barau ya ce na yi wauta, wataƙila da gaskiyarsa, amma ba zan iya cin abin da ya fito ta nan ba.

Na dawo gida. Ciyawa ta ci rabin gonar gero, abin da ya rage muke ta lallaɓawa ni da Baba. Sai dai in muna aiki ba ya hira da ni kamar da.

Ba zan ce ki dawo yau ko gobe ba, Gwaggo ta fi ni buƙatarki yanzu. In kin ga a can za ki haihu, ba zan hana ba. Abu ɗaya nake roƙo. In Allah ya ba mu namiji, ina so a sa masa Muhammad Auwal, amma ba ni da bakin da zan tambayi Gwaggo. In kin ga ranar da zuciyarta ta ɗan yi sanyi, ki tambayar min. In ta ce a'a, kar ki ɓoye min.

Ina gaishe ki, ina jiran amsarki ko ta layi ɗaya ce.

Mijinki,
Saifullahi.