Cefanen Mijin Iya

Laraba, 9 ga Yuli, 2003

Jiya aka yi addu'ar bakwai ta kakata, Iya Hussaina. Yau baƙi sun watse. Na share tsakar gida, na sake sharewa.

Na gaya wa dangi a fili babu taron arba'in. Mai son ta ya yi mata addu'a a ɗakinsa. Sun kalli juna. Su kalla.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ummukulsum ta zo daga Mai'adua da ɗanta Muhsin, kamar kowace Juma'a. Ko a takarda ina jin nauyin rubuta sunanta. 'Yata ce ta fari. Tun yaye Iya ta ɗauke ta, duk abin da zan faɗa mata ta bakin Iya yake bi.

Yaron ya ruga ɗakin Iya da kubewa ɗaya a hannu yana kira, "Matata, na kawo cefane!" Haka suka saba. Sai Iya ta ɗaga kubewar ta ce, "Jama'a ku ga matsiyacin miji! Da wannan zan ciyar da gida?" Amma sai ta yanka ta cikin miya, kuma ta ce ita ta yi wa miyar daɗi.

Ya tarar da katifa a naɗe. Ya fito ya tambaye ni ina matarsa.

Na ce masa wadda ta koma ga Allah ba abokiyar wasa ba ce, ya ce Allah ya jiƙanta. Shekararsa huɗu, ya isa a fara koya masa. Ya ɓuya a bayan uwarsa. Ba su jira la'asar ba.

Gaskiya na faɗa.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ba su zo ba. An yi ruwa, wataƙila hanya ce.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na shiga ɗakinta zan kwashe kaya, na ƙare a zaune.

Daga Mashi aka kawo ta Daura. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta riƙe su da tuyar ƙuliƙuli da man gyaɗa. Da mahaifiyata ta rasu ta haɗa da ni. Ita ta tsaya sai na yi sakandare, lokacin da kawunaina ke cewa ya isa haka. Da maigidana ya rasu, ita ta aiko a ɗauko ni: "Dawo ɗakinki." Babu auren da ya ɓaci a danginmu da ba a gyara shi a kan tabarmarta ba, kuma da dariya ake tashi.

Ban taɓa gane yadda take yi ba. Ni da na yi karatu, na san abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, in na buɗe baki mutane sai su tuna sun bar tukunya a wuta.

Na sha gaya mata wasan nan da yara yana zubar da girma. Ta ce, "Saudatu, girman da yaro zai zubar, dama a cokali yake."

Kubewar tana bakin taga inda Muhsin ya ajiye. Ta fara bushewa.

Juma'a, 25 ga Yuli

Babu ruwa yau. Ba su zo ba.

Talata, 5 ga Agusta

Maƙwabciyata Rahmatu ta haɗu da uwar Muhsin a gidan suna. Wai yanzu gidan kakarsa ta wajen uba suke wuni ran Juma'a. Wai yaron ne ke ƙi, ya ce gidan Daura babu kowa.

Babu kowa.

Na ce wa Rahmatu laifin iyayen zamani ne, yaro ke zaɓa musu inda za su je. Ta ce, "To, Malama," ta ja mayafinta ta fita. Ita ma.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na dafa tuwo daidai na gidan da, na manta. Sauran ya kwana ya yi tsami. Almubazzaranci ne, Allah ya yafe mini.

Laraba, 20 ga Agusta

Na aika Ɗantsoho direba ya gaya wa uwar Muhsin ta zo ta ɗauki tukwanen da Iya ta bar mata, suna cin wuri. Ya ce, "In ce wa ya aiko?" Na ce ya ce uwarta.

Juma'a, 22 ga Agusta

Sun zo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta wuce wajen tukwane. Shi ya tsaya a zaure, ƙafa ɗaya a ciki, hannu a aljihu. Ya yi tsawo.

Ina yankan albasa. Ban ɗaga kai ba na ce, "Wasu mazan ba su da kunya. Sama da wata guda babu cefane, sai a shigo hannu na dukan cinya."

Na ji ƙarar tukwane ta tsaya.

Ya matso a hankali, ya zaro kubewa daga aljihu, duk ta lanƙwashe. Ya ce, "Ta Iya ce."

Na ce Iya ta bar mini gidan da duk abin da ke cikinsa, har da miji, ko da matsiyaci ne.

Ya ce, "Ke ai kin cika faɗa."

Uwarsa ta toshe baki da mayafi. Ban tsawata ba, hannuna da wuƙa, ba lokacin tarbiyya ba ne.

Ba wasa na yi ba. Miyar ce take buƙatar kubewa.

Tukwanen sun yi mata yawa, ɗaya kawai ta ɗauka. Ta ce, "Umma, sauran sai Juma'a." Ni ta gaya wa.

Saura shida. Na ce kada ta yi gaggawa, na ƙasa ne, suna fashewa.