Kyandirin Ista a Watan Nuwamba

Elasona, ranar Lahadi.

Zuwa ga yayana Lefteris,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinka, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hrisula da yara. Allah ya sa ciwon bayan da ka zo da shi a watan Agusta ya sake ka, ya kuma sassauta muku sanyin Jamus. Mu nan lafiya, sai godiya. Mama tana nan da ƙarfin bakinta, gwiwa ce dai ta ƙi. Ta bar hawa bene, mun sauko mata da gadonta kusa da murhu, daga nan take yi wa kajin maƙwabta faɗa ta taga. Tumaki sun fara haihuwa, don haka Zisis mijina a garke yake wuni, in ya dawo ko gaisuwar kirki ba ya iya yi. Marianthi ta shiga aji huɗu, ta yi tsawo, ta kuma ɗauko surutun kakarta kaf.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna, ni da ko katin Kirsimeti sai an yi ta fama da ni. Dalili shi ne wayar gidan nan a gefen gadon Mama take, ka kuma san ƙafarta ce ta tsufa, kunnenta yana nan garau. Abin da zan gaya maka ba na son ta ji shi tukuna.

Cakin Anestis ya dawo. Anestis namu nake nufi, mai kamfanin cuku, kumbaronmu, mutumin da ya riƙe Marianthi a ruwan baftisma ya raɗa mata suna. Shekara goma sha wani abu shi ke kwashe madarar tumakinmu, ya biya mu da caki mai kwanan wata na gaba, yadda kowa ke yi. Mu ma ba ma ajiye shi. Zisis ya sa hannu a bayansa ya miƙa wa Argiris mai dusa, Argiris ya sa nasa ya miƙa wa mai masara, haka takardar za ta yi ta yawo har ranarta ta zo, bayanta ya cika da sunaye. Da can ko aljihun Anestis ya yi sanyi ba ma ji, sai ya ɗaga waya ya kira wanda cakin ke hannunsa ya ce ya ɗan riƙe masa mako biyu, a yi dariya a wuce. To, wannan karon na ƙarshen Oktoba, na yuro dubu huɗu, ya yi nisa. Ya faɗa hannun wani dillalin waken suya a Bolos wanda bai san Anestis ba, bai taɓa cin cukunsa ba, ba kuma ya jin kunyar kowa a garin nan. Ranar na cika ya kai banki, suka ce babu ko sisi a asusun, suka buga masa hatimi.

Ga inda abin ya ba ni haushi. Bankin ya cire wa mutumin Bolos yuro talatin, ladan dawowar caki. Shi ya ɗora wa mai masara, mai masara ya ɗora wa Argiris, Argiris kuwa ya tare Zisis a shagon kofi na bakin dandali, a gaban jama'a, ya ce masa ga tsaraba daga kumbaronka. Wai dubu huɗun zai yi haƙuri ya jira, tunda duk 'yan gari ne, amma talatin ɗin nan ko uwarsa ce ta haifi banki ba zai biya ba. Zisis ya ce shi ma ba zai biya ba, ai ba shi ya rubuta cakin ba, madara ya ba da, madarar kuma ba ta dawo ba. Argiris ya ce to ya je ya karɓo wurin mai rubutun mana, ko ƙafarsa ba ta san hanyar kamfanin ba ne. Zisis kuwa, ka san shi, gara a yanke masa yatsa da ya tsaya gaban uban baftismar 'yarsa yana neman yuro talatin.

Yaya, mako biyu cur mazan garin nan ba su da zance sai na talatin ɗin nan. Shagon kofi ya rabu biyu. Wasu na cewa mai rubuta caki shi ke biya, wasu na cewa wanda ya yi rashin mutuncin kai shi banki ba tare da ya buga waya ba shi ya kamata ya sha. Tsohon malamin makarantarmu ya ce a raba wa duk wanda sunansa ke baya, aka ce masa malam ka bari, kai da fanshonka ke zuwa ba caki. Har Fada aka sa a ciki bayan sujada, ya ce shi dai ya san an ce a yafe wa juna, Argiris ya ce ranka ya daɗe, sai ka je ka karanta wa manajan banki. Ni ina gefe ina kallonsu, na kuma gane abin da suke yi. Kusan kowane ɗayansu yana da takardar Anestis a aljihu ko sunansa a bayan wata. Sun riƙe talatin suna ta hayaniya ne don kada wani ya buɗe baki ya tambayi inda sauran za su fito. Tsoro ne, ba komai ba, ni ma kuma ina jinsa.

Ina jinsa ne don abubuwan da idona ya gani. Yanzu lokaci ne da Anestis kan zagaya garkuna ya yi cinikin madarar sabuwar shekara, ya ɗan kurɓi giyar tsipuro, ya yi ta ja-in-ja a kan farashi. Bana bai leƙo garken kowa ba. Manyan motoci sun yi ta kwashe gwangwanayen cuku daga ɗakin sanyinsa, har waɗanda ba su gama nuna ba, mutumin da ko ɗanɗano ba ya bari a yi kafin lokaci. Matarsa ta tafi Tasalonika wurin ƙanwarta, wai ganin likita, amma wa ke tafiya ganin likita da labulen falo? Matar mai gyaran taya ta rantse mini ta gan ta tana sauke su.

Ranar Alhamis da rana sai ga shi a ƙofar gida, cikin kwat ɗin zuwa coci, da akwatin alewar baklaba a hannu. Ya sumbaci hannun Mama, ya zauna, ya sha kofi, ya yabi zaƙin lemon da na dafa. Sannan ya zaro ambulan ya ajiye gaban Zisis, ya ce kumbaro ga talatin ɗin banki, laifinsa ne, ba zai yarda a riƙa yawo da sunan gidanmu a bakin 'yan kofi ba. Ya ce harka ce ta ɗan cije, manyan kantunan Atina ba sa biya, amma kafin Kirsimeti komai zai daidaita. Zisis har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ba zai karɓa ba, Anestis ya ce sai ya karɓa, suka yi ta tura wa juna ambulan a kan tebur har ya kusa faɗawa cikin kofi. A raina na ce, to, wataƙila ni ce mai mugun zato.

Da zai tafi sai ya ce af, ya manta da wani abu a mota. Ya fita ya dawo da dogon kwali da jakar takalmi, ya kira Marianthi. Kyandirin Ista ne, Yaya, fari, an ɗaure shi da ƙyalle mai ruwan hoda, da sabon takalmi, irin waɗanda uban baftisma kan kawo a Makon Wahala, ana gab da Ista. Kowace shekara tun tana goye ranar Alhamis ta makon yake kawo su, bai taɓa saɓawa ba. Ga mu a Nuwamba, ko zaitun ba a gama tsinka ba. Ya ce ya gan su ne da araha. Yarinya ta zura ƙafa, takalmin ya yi mata yawa ƙwarai, sai ta shekara biyu kafin ta cika shi. Mama ta yi dariya ta ce Anestis ka manta ƙafar 'yarka ne? Ya ce bai manta ba, yara ba sa jira. Ya daɗe da hannunsa a kan yarinyar. Ni dai ina tsaye da faranti ina kallonsa.

Zisis ya kai wa Argiris talatin ɗinsa a daren... a'a, ko hular kirki bai tsaya sawa ba, motar Anestis na juyawa ya fita. Ya ajiye masa a kan tebur a gaban kowa, ya ce ga shi, a ga yadda 'yan halak ke yi. Shago ya ɗauki sowa, aka sayi kofi, aka ce magana ta ƙare. Da ya dawo na ce masa mutumin da zai zo Ista ba ya kawo kyandir a Nuwamba. Ya ce bakina ba ya faɗin alheri, mutum ya yi abin kirki ni kuma ina neman ƙashi a cikin madara. Tun ranar bai ƙara yarda mun yi zancen ba, amma na lura abincinsa ya ragu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna ranar bikin Budurwa Maryamu a Agusta, muna cin gasasshen rago a tsakar gida, Argiris ya zo da babban cakin nan, na dubu goma sha takwas, ragowar kuɗin madarar bazara duka? Ya ce takardun Anestis sun yi masa yawa, wannan ba zai karɓa da hannun Zisis kaɗai ba, sai da hannun Jamus. Kowa ya yi dariya, kai ma ka yi, ka goge maiƙo a wando ka sa hannu a ƙasan na Zisis. Wannan cakin ranarsa ƙarshen Fabrairu ce. Na tambayi Argiris inda yake, ya kau da kai ya ce ya daɗe da barin hannunsa, bai san wa ke riƙe da shi yanzu ba. Na je Larisa na ga wata lauya ba da sanin Zisis ba. Ta ce idan aka buga masa hatimi, mai riƙe da shi yana da ikon bin duk wanda ya ga dama cikin masu suna a baya, kuma ba ya bin layi, mai abin hannu yake zaɓa. Zisis tumaki gare shi, su ma da bashin banki a kansu. Argiris komai nasa da sunan matarsa yake. Kai ne kaɗai ke da gida da sunanka, gidan Baba, wanda Mama ke kwance a cikinsa yanzu ina rubutun nan.

Ban san abin da za a yi ba, shi ya sa nake son ka zo. Lauyar ta ce akwai magana da za a iya yi tun cakin bai kai banki ba, bayan nan kuwa babu. Kada ka kira wayar gida a kan wannan. In ka kira, ka tambayi gwiwar Mama da 'yan raguna kawai, ni zan gane takardar ta iso.

Ka gaishe mini da Hrisula, ka ce man shafawar da ta aiko wa Mama yana aiki. Ka gaishe da Stamatis da ƙaramar Evanthia, da Kawu Thrasos idan kun haɗu a coci. Mama tana sa muku albarka, ta ce a gaya muku ku ci abinci da kyau, ta kuma sa an gyara ɗakinka na sama ko da za ku zo da bazara. Marianthi ta ɗora kyandirin a kan kabad, tana hawa kujera tana leƙa shi kullum kafin ta tafi makaranta. Ta ce in gaya wa kawunta ya zo Ista ya ga yadda za ta riƙe shi.

Ni kuwa ina roƙonka, Yaya, kada ka jira Ista.

Ƙanwarka,
Polikseni