Kurciyoyin Kan Mita

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Saura wata guda in fita takaba. Kurciya ta yi sheƙa a kan akwatin mita, ƙwai biyu. Da Alhaji na raye da ya sa an cire. Na watsa gero a ƙasa.

Laraba, 8 ga Mayu
Kajin Mama Obinna, maƙwabciyata, suka cinye geron tas. Abin da suka rage ƙadangaru suka tsince. Ita kurciyar tana sama tana kallo kawai. Shekara uku ba ma magana da matar nan, tun rigimar famfo.

Asabar, 11 ga Mayu
Yaya Muhyiddeen ya kira daga Kano. "Ni'imatu, me ya rage miki a Enugu? Ɗaki na nan an share." Na ce to. Shekara ashirin da biyu a unguwar Abakpa, amma na ce to.

Talata, 14 ga Mayu
Na rataye farantin gero da igiya a jikin rufi. Kaji sun sha kashi. Sai ga hankaka.

Juma'a, 17 ga Mayu
Sun ƙyanƙyashe! Munana, ba gashi, sai baki. Wuni na yi a baranda da tsintsiya a hannu ina korar hankaka, har na manta ban ci abinci ba. Ban yi kuka ba yau, sai yanzu na lura.

Lahadi, 19 ga Mayu
Ina sallar la'asar na ji ihu. Ina sallamewa na tarar da Mama Obinna tana jifan hankaka da silifa. Ya riga ya ɗauke ɗaya. Ta ce, "Hajiya, no vex, yi haƙuri, ban zo da wuri ba." Hausarta har yanzu a karkace. Ta koma ta kawo tsohon murfin fanka, muka buɗa ƙarfe biyu daidai jikin kurciya, muka ɗaure a gaban sheƙar. Hannunta ya fi nawa ƙarfi.

Asabar, 1 ga Yuni
Ɗan ya tashi, ya faɗa kan igiyar shanya, ya sake tashi. Mu biyu muka gani.

Alhamis, 6 ga Yuni
Na fita takaba. Yaya ya ce mota za ta zo ran Asabar. Na ce hanya ba kyau, a bari damina ta wuce tukuna. Ya ce, "Damina kuwa sai Oktoba." Na ce Allah ya kai mu.

Gobe za mu kasuwar Ogbete da Mama Obinna. Ta ce ba ta iya zaɓen wake ba.