Hannun da Baba Ya Miƙa Goro

Laraba da dare, 14 ga Mayu, Talata Mafara

A sanar da masana tarihi: yau na gano cewa Baba bahago ne, shekara goma sha biyu bayan rasuwarsa.

Tun safe nake saka tsofaffin fina-finan kyamarata a sikana, na'urar da ke mayar da su hotuna a kwamfuta, har na kai ga hoton da na ɗauka ranar sunan ɗan Yaya Hajo a Faru. Ga Baba yana miƙa wa liman goro da hannun hagu. Na tura wa dangi a waya, har da ɗan sharhi irin na masu ilimi.

Nan take Yaya ta kira, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. "Sani, mi Baba ya yi maka? Mutumin da ya sha buge hannunka kan cin tuwo da hagu! Surukaina duk sun gani." Na ce, "Yaya, fim ba ya ƙarya, ƙwaƙwalwa ce ke yi." Ta kashe wayar.

Na kasa cin abinci, na buɗe littafi na rufe. Na yi ta zagaya tsakar gida ina son tuna hannun da yake jan carbi da shi, abin ya ƙi zuwa. Wannan ya fi faɗan Yaya damuna.

Ɗazu na ƙara girman hoton. Lambar babur ɗin da ke bayansu a juye take. Ashe a baibai na kifa fim ɗin cikin sikana.

Ni na yi kuskure. Gobe sai Faru, da goro, a hannun dama.