Ɗaki Mai Taga a Jirgin Sawakin

Bani Malik, Jidda
Safar, 1425

Zuwa ga ƙanwata Zubaidatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Lado da yara da duk mutanen Bur Sudan. Yaya ƙafar nan taki? In har yanzu man nan na ɗan talla kike shafawa, ki daina ɓarnar kuɗi ki je asibiti. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran. Muna nan tafe. Ɗanki Abdulghani, ɗan cikina, wanda har sukarin shayi sai ya san inda ya shiga, shi ne ya dawo daga masallacin Juma'a ya durƙusa a gabana, ya ce in an rufe makarantu za mu yi hutu gaba ɗaya, shi da matarsa Saudatu da yara da ni. Babban jirgin ruwa za mu shiga zuwa Sawakin, mu kwana a kan teku, mu sauka wurinki, mu hau dutsen Arkawit mu sha iska, bayan sati uku jirgin ya dawo da mu. Sai da na taɓa goshinsa na ji ko zazzaɓi ne.

Kin san yadda na ƙetaro ruwan nan shekara kusan talatin, ni da mijina marigayi Malam, a sarari tsakanin buhunan riɗi da raguna, ina amai yana riƙe min kai. A daren ya yi min alkawari cewa ran da za mu koma ganin gida, a ɗaki mai taga za mu koma, kamar matan 'yan kasuwa. Allah bai nufa ba. Yanzu yana kwance a maƙabartar Ummuna Hauwa, ni kuma kowace Juma'a ina shiga tasi zuwa Balad, tsohon gari, in tsaya jikin katanga in yi masa sallama, tunda mata ba sa shiga. Kin sha yi min gori cewa na ƙi zuwa ganinki. Ba ƙi ba ne, tsoro ne. Ba na so ajali ya riske ni a wancan ƙetaren, don wurina yana bayan katangar nan, kuma babu wanda ban gaya wa ba. Amma sati uku dai na roƙi Allah Ya ara min.

To sai maganar kuɗi. Jirgin hawa-hawa ne: akwai kujeru a sarari, akwai ɗaki na ƙasa marar taga, akwai kabina ta sama mai kallon ruwa. Ɗanki ya ce na ƙasan ma ai ɗaki ne. Na ce masa in rami nake so ba sai na biya ba, ni zan cika abin da ya rage. Na roƙi maƙwabciyata Indo, uwar adashinmu, ta matso min da kwasata, ta kuwa yarda ba musu. Turaren wuta da dakkuwar da nake sayarwa a ƙofar gida na ninka su. Abincin jirgi an ce tsada kamar a kantin zinariya, don haka zan yi dambun nama da cincin, mu riƙe fulas ɗinmu. Duk da haka kuɗin bai kai ba, sai na cire awarwaro biyu na aurena na ba shi ya kai Balad ya sayar. Kada ki yi min faɗa. Hannun tsohuwa ba ya bukatar ƙara, kuma Malam ne ya saya, alkawarinsa za su cika.

Ki rubuto min abin da kike so, amma ki ji tsoron Allah, ba jirgin na saya ba. Ki gaishe da Malam Lado da yara.

Taki yayarki,
Mastura


Bani Malik, Jidda
Rabi'ul Ahir, 1425

Zuwa ga Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Takardarki ta iso ta hannun wani direba da ya ƙetaro, na sa an karanta wa yara wurin da kika ce za ki yanka musu rago, tun ranar ba su bar ni na huta ba.

Amma ke kam kin tsufa kin fi ni. Na tambaye ki tsaraba, kin ce kada in sayo komai, in dai taho da bargona da maganin hawan jinina mai yawa. Bargo a wannan zafin? Sannan wai kin sa an gina min ɗaki a bayan gida, har da siminti a ƙasa. Baƙuwar sati uku ake gina wa ɗaki? Tabarma ta ishe ni, in kuma kuɗi ne suka yi miki yawa, ki gyara rufin kicin ɗinki da kike ta kuka da shi. Na dai saya miki abaya da turaren ud, ko kin so ko kin ƙi.

Shiri ya yi nisa. Abdulghani ya karɓi fasfona da iƙamata, takardar izinin zamana, ya kai wurin mai bin takardu, ya ce komai ya kammala, kabinar ma ta samu, a hawa na sama. Na tambaye shi ko tagar tana buɗuwa, ya ce bai sani ba. Yaron nan ya rame, Zubaida. Ba ya iya haɗa ido da ni, in na fara lissafin abin da za mu kashe a Arkawit sai ya tashi ya fita. Ina jin nauyin kuɗin ne, shi ya sa na ƙara masa da cinikin turare na wata guda.

Mai gidan da muke haya kuma ya zaɓi lokacin da ba ma nan zai yi fenti, don haka Saudatu ta ce a ɗaure kaya duka a kwali. Ta ɗaure har turmina da keken ɗinkina. Na ce mata turmi ba ya tsoron fenti, ta dai ci gaba da ɗauri. Yarinyar kirki ce, sai dai ta cika zurfin ciki.

Wanda ya ɓata min rai Indo ce. An buɗe sabon zubi, na kai nawa, ta maido min da shi, wai in bari sai na dawo. Shekara nawa muna adashin nan ban taɓa fashi ba? Na gaya mata magana mai zafi. Maimakon ta rama, sai ta kama hannuna ta fashe da kuka, wai in yafe mata duk abin da ta taɓa yi min. Washegari matan layi suka yi ta shigowa, wannan da zani, waccan da dabino, kowacce da neman gafara. Na ce musu jirgin nan kullum yana zuwa yana dawowa, ba su taɓa ganin mai tafiya hutu ba ne? Haka mutanenmu suke, ruwa kawai suka ji an ambata sun ɗauka mutuwa ce.

Abu ɗaya ya faranta min. Juma'ar da ta wuce Abdulghani ya hana ni shiga tasi, ya kai ni maƙabarta da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya shiga ya gai da mahaifinsa, ya fito ya ce in tsaya yadda nake so, ba sauri. Ni kuwa me zan daɗe ina faɗa? Na dafa katanga na gaya wa Malam cewa ɗaki mai taga ya samu, zan je in ga Zubaida, ya jira ni sati uku. Da na juyo na tarar da yaron ya kifa kai a kan sitiyari. Na ji daɗi a raina, na ce ashe dai yana tuna ubansa.

Sai mun iso. Ki tanadi kifin nan na bakin ruwa.

Yayarki mai ƙaunarki,
Mastura


Bani Malik, Jidda
Jimada Ula, 1425

Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da mai gidanki da yara. Gaisuwa hakkinki ce, na ba ki. Wannan takarda za ta riga ni isowa da jirgin gobe, namu sai jibi, kuma ina so ki karanta ta kafin ki ga fuskata.

Shekaranjiya da hantsi na gama dambu, na buɗe akwatin da Saudatu ta shirya min don in cusa shi a gefe. Na ɗaga zannuwa, na ɗaga bargon da kika ce, a can ƙasa sai ga likkafanina. Kin san shi. Shi ne wanda muka saya tare da na Malam, muka wanke da zamzam muka shanya a Makka, nasa ya tafi da shi, nawa yana ƙarƙashin gadona tun lokacin. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Babu mai tafiya hutu da likkafani, Zubaida.

Na kira Saudatu. Ban ɗaga murya ba, na nuna mata kawai. Ta zube a ƙasa tana kuka ta gaya min komai. Mijinta ya sami aiki a Riyad, sabon kafilin, wato uban gidan da zai tsaya masa, ya yarda da mata da yara, bai yarda da uwa ba, iƙamata kuma ta zo ƙarshe. Abin da aka buga min a fasfo fita ce ba dawowa. Tikitinsu zuwa da dawowa ne, nawa zuwa kaɗai. Babu fenti, gidan ne aka saki. Kwalayena suna tashar jirgi tun satin jiya. Ta ce mijinta ya ce a sa likkafanin cikin kwali da sauran kaya, ita ce ta kasa, ta ji ba daidai ba ne ya yi tafiya tsakanin turmi da tukwane. A cikinku duka ita kaɗai ce hannunta ya ƙi yin ƙarya.

Na ce a cikinku, don ta gaya min sauran. Ta gaya min wadda ta ba da shawarar a ce min hutu ne, wadda ta ce ta san halin Yaya, in aka gaya mata gaskiya za ta gudu Makka ta ɓuya cikin tsofaffin da ba su da takarda. Ta gaya min inda kuɗin awarwarona suka tafi. Simintin ɗakin nan da na yi miki tsiya a kansa, ashe hannuna na tuɓe na saya. Ina rubuto miki lissafin cincin da fulas, kina karantawa, kina auna ƙofa.

Ban ce kin yi ƙarya a kan halina ba. Da na gudu, gaskiya ne. Amma da kun gaya min, da na yi kukana, na yi faɗana, in na gaji na zauna na yi tunani, don ban haifi ɗa don in zama sanadin korarsa daga aiki ba. Kun hana ni wannan. Kun mai da ni yarinyar da ake ba alewa a kai ta wurin allura. Unguwa guda ta sani. Indo tana neman gafarata ina zaginta a kan zubi. Mata suna yi min ban kwana ina yi musu dariya, suna fita suna share hawaye, suna cewa Allah sarki Mastura. Da tsufana aka mai da ni abin tausayi a layin da na yi wa rabin matansa wankan jego.

Abdulghani ya dawo da yamma ya kama ƙafafuna. Ya ce ya rasa yadda zai yi, ya ce zai nema min umara kowace shekara. Na san ya rasa yadda zai yi, na ga ramarsa. Na tambaye shi abu ɗaya: da ya kai ni maƙabarta ya ji ina gaya wa ubansa ya jira ni sati uku, me ya hana shi buɗe baki? Wannan ne ban iya haɗiyewa ba, Zubaida. Kuɗi sun tafi, gida ya tafi, halas. Amma kun sa na yi wa mamaci alkawarin ƙarya, ni da ban taɓa yi masa ƙarya yana raye ba.

Jiya na shiga tasi ni kaɗai na koma Balad. Na dafa katangar na warware maganata. Na gaya masa ba zan dawo ba, wurin da na ce ya ajiye min ya bar wa wani, sai mun haɗu inda ba a tambayar iƙama. Daga nan na bi gida-gida na nemi gafarar matan da na yi wa dariya. Indo na bar wa kaskon turarena.

Zan shiga jirgin. In na ɓuya, wuyan ɗanki za a kama, kuma jikokina ba su yi min komai ba, har yanzu ragonki suke lissafi. Na ce masa kabinar nan ni na biya, su nemi wuri a ƙasa, ni kaɗai zan kwana a ciki. Na so tagar ne don in ga Jidda tana ƙanƙancewa ina murmushi, da sanin zan sake ganinta tana girma. Yanzu zan zauna a gabanta da likkafanina a cinya har gari ya ɓace, kuma ba na son kowa ya tsaya a bayana yana ba ni haƙuri.

Abayarki da turarenki suna nan, na saya da zuciya ɗaya, zan ba ki. In kin zo tarye, kada ki yi guɗa, kada ki ce min sannu da zuwa. Ki kai ni in ga ɗakin, tunda nawa ne. In na huta, ki raka ni ki nuna min maƙabartarku, in san katangar da zan saba da ita.

Ki gaishe da Malam Lado. Kada ki ba da amsa ta wannan adireshin, ba mai karɓa.

Yayarki,
Mastura