Kunnen Dama

Litinin, 3 ga Maris

Motar Hedimasta ta tashi. Wata huɗu ina kan injin nan, sabon fistin, sabon ringi. Motar ta girmi babban ɗana. Na saita taimin, wato lokacin ba da wuta, da kunne yadda na saba: in sassauta dilko mai raba wa filogi wuta, in murɗa shi a hankali har in ji inji ya kwanta. Shekara talatin ba a banza ake ce mini Mai Kunne a garejin nan ba. Tana ɗan rawa a sulo, in tana aiki a tsaye, amma sabon haɗi ne.

Talata, 4 ga Maris

Ya dawo da ita. Wai a hawa ƙarfinta mutuwa yake, kuma tana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Na tayar, na saurara, lafiya lau. Na ce kafireta ce. Dogo, ƙaramin makaniken da ke kusa da ni, shi ya gyara ta, don haka na wuce rumfarsa, a gaban mutane na ce masa in bai iya ba ya daina ɓata wa manya aiki. Da na gama ya ce: "Yaya, ina ganin taimin ne ya yi gaba. Ga fitilata ta duba taimin, a haska a gani." Na yi dariya, na ce fitila ta waɗanda Allah bai ba kunne ba ce.

Alhamis, 6 ga Maris

Na canza filogi da wayoyi. Jiya i yau. Dogo ya sake kwance kafiretar a gabana, tas take. Na ji an ce mutum biyu sun kwashe aikinsu daga wurinsa saboda maganata. Magana zarar bunu. Ban ji daɗi ba, amma ban koma ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na shiga motar tare da Hedimasta muka hau gangaren bayan asibiti. Ya taka totur, ya yamutsa fuska. "Ka ji ko? Ka ji ta!" Na gyaɗa kai kamar gaske.

A gida maman yara ta rage rediyo ba ta tambaye ni ba. Ta ce sau uku ta kira ni daga kicin. "Ba fa yau aka fara ba, Malam." Na ce mata surutunta ne ya yi yawa na koyi tacewa. Ba ta yi dariya ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban ji komai ba a gangaren nan. Ko ɗis.

Laraba, 12 ga Maris

Na cire sabon filogi ɗaya, bakinsa ya ƙone fari fat. Da an ƙara sati guda a haka da fistin ya huje, da na kashe wa bawan Allah inji da hannuna.

Na tafi aron fitila. Taku ashirin ne tsakanina da rumfar Dogo, ban taɓa sanin tana da nisa haka ba. Ya ɗauko, ya biyo ni da kansa. Ya shafa alli a alamar fuli, faifan da ke juya bel, ya haska. Alamar ta wuce inda ya kamata da faɗin yatsa biyu. Ya bar mini sifana, ni na mayar da dilko baya. Na ɗora tafi a jikin motar, rawar ta tsaya cak. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai ce ai na faɗa maka ba. Abin da ya fi cin raina, da zai yi magana sai ya zagayo ta damana, ya ɗan ɗaga murya. Da na tuna, ya fi shekara yana yin haka. Ashe ya sani. Su wa kuma suka sani?

Juma'a, 14 ga Maris

Hedimasta ya hau gangaren sau biyu, ya ce ta koma amarya. Dogo ya zauna a gaba ya saurara, don dai kujerar babu kowa.

Na mayar wa Dogo fitilar da ya bar mini lokacin da rumfar ke cike. Na ce kafireta ba ta da laifi, aikin Dogo babu na biyunsa, ni ne na kuskure taimin. Ban ambaci kunne ba, ba wanda ya tambaya. Na dai tambayi inda ake sayar da irin fitilar, ko wani zai buƙata.

Mai faci ya ce har bakin titi an ji ni ina ba da haƙuri. Ni a hankali na ji na yi maganar.