Ba Zan Harbi Dorinar Ba, Ko Kun Riƙe Bindigata

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar maharba ta yankinmu, tare da 'yan majalisarsa da suka sa hannu a hukuncin da aka yanke mini.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma aikin rani yana tafiya yadda ake so. Ranka ya daɗe, ni ne Audu ɗan Garba Maharbi, jikan Bawa Mai Sango, manomin shinkafa a bakin kogi ta ɓangaren Bunkure. Ka san ni sarai, tunda ni na koya maka ɗura bindiga, lokacin da kake zuba albarushi kamar mai zuba gishiri a miya. Na rubuto a fili ne saboda a fili aka ci mutuncina. Sau biyu na zo ƙofar gidanka, sau biyu ana ce mini ka fita, alhali ga babur ɗinka a jingine a zaure.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, tun farkon noman ranin bana wata dorina ta hauro kogi da ɗanta, tana fitowa tana cin shinkafar mutane. Manoma suka kai kuka, ƙungiya ta zauna ta yanke cewa a kashe ta, kuma ni zan jagoranci harbin. Na ce ba zan yi ba. Ranar Talatar da ta wuce aka aiko mutum uku gidana suka ɗauke bindigata, aka ce ba za a dawo mini da ita ba sai na yarda na harba. An sa ranar Asabar mai zuwa don harbin.

Na farko, Shugaba, ko kun manta al'adar da muka gada ne? A wurinmu ba a fitar da bindigar maharbi daga ɗakinsa a hannun wani sai ranar da aka fitar da gawarsa. Ina gona ina ba ruwa mutanenka suka shiga, suka sauke ta daga bango, suka naɗe ta da buhu, suka ratsa tsakiyar gari da ita da rana tsaka. Kafin la'asar labari ya kai unguwar Maguzawan da ke bayan kanal ɗin ban ruwa, inda sauran danginmu suke, cewa Audu ya riga mu gidan gaskiya. Na dawo da taɓo har gwiwa na tarar da Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina, tsohuwar da ba ta iya tafiya sai da sanda, zaune a tsakar gidana tana kuka tana yi wa matata ta'aziyya. Da ta ɗago ta gan ni sai da ta yar da sandar. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta ce, "To in kana raye, wane ɗan banza ne ya fitar da ita?" Na ɗauko mata sandarta kawai, don ban so in faɗi sunanka a gabanta ba. Mutane sun yi ta dariya, har yau ana tsokanata da "sannu da dawowa", amma ni abin ya ƙona mini rai, kuma har yanzu bai huce ba.

Na biyu, maganar da ka faɗa a kasuwar Kura ta iso kunnena. Ka ce wai jikan mai kashe giwa ya koma tsoron dorina. Tunda ka ambaci kakana, bari in gaya maka abin da ba ka sani ba game da shi.

Gaskiya ne Bawa ya kashe giwa, har uku ma, a dazukan kudu, da sango, wato wannan mashin mai dafi da ake cusawa a bakin bindiga. An yi masa kirari, an buga masa ganga. Amma ta ukun uwa ce, bai lura tana da goyo ba sai bayan ta faɗi. Ɗan ya fito daga cikin ciyawa ya tsaya a kanta. Suka kore shi ya dawo, suka sake kora ya sake dawowa. Suna fiɗa yana zagaye su yana tura ta da hanci. Kwana uku suka yi suna yanyana nama, a rana ta uku ɗan ya kwanta gefen ƙasusuwan bai ƙara tashi ba. Ni na taso na tarar da kakana tsoho, ya musulunta, yana zama a gindin tsamiya. Duk ranar da maroƙa suka zo suka ɗauko kirarin giwa sai ya miƙe ya shige gida. Ya taɓa ce mini, "Audu, naman bai kai mana wata guda ba. Ita kuwa giwa, je ka nemo mini ɗaya a dajin nan in kana iyawa." Daga ranar ya kafa mana doka: ba a harbin uwa mai goyo, kuma ba a harbin dabbar da ba ka san ko akwai sauran irinta a baya ba. Mahaifina ya mutu yana kan wannan doka, ni ma a kai nake.

Yau yaranku da ke ɗaukar hoto da bindiga suna sawa a waya, suna cewa da za su samu giwa da sun nuna wa duniya, wane ne a cikinsu ya taɓa ganin sawunta? Kakanninmu sun ƙarar da ita, mu muka gaji kirarin kawai. Kai ma ka sani cewa ni ba baƙon haɗari ba ne, tabon da ke cinyata gadu ne ya yi mini shi, kuma kana tsaye a bayana ranar. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Abin da ya hana ni harbin nan kunya ce, ina jin kunyar kakana.

Na uku, mun riga mun gwada irin wannan shawarar mun ga ƙarshenta. Bara da birai suka addabi masu tumatir, ƙungiya ta ce a rage su. Na ce a yi gadi, a harbi manyan biyu ko uku da ke jagorantar garken, sauran za su ƙaura da kansu. Aka ce hanyata ta tsufa. Aka zuba guba a cikin ruɓaɓɓen tumatir aka baza a bakin gonaki. Birai sun mutu, ba musu. Amma ungulayen da suka ci mushen su ma sun mutu, da muzurai, da karnukan farauta biyu na maƙwabcina. Da damina ta zo, ɓeraye da gafiya suka cika kunyoyi ba mai kama su, har buhunan da ke ɗaka ba su bari ba. Muka yi gudun gara muka faɗa gidan zago. Ban ji wanda aka ƙwace wa bindiga a kan wannan ba.

Na huɗu, kada wani ya ce don ba gonata aka ci ba. Fili na farko da dorinar ta tattake nawa ne. Shinkafar ta fara ciki, na zo da safe na tarar an kwantar da rabinta, na zauna a kan kunya na riƙe kai. Na san zafin da manoma ke ji, kuma ban ce dorina abar wasa ba ce. Amma mu faɗi gaskiya. Gaɓar nan da ake kuka a kanta, da can ciyawa ce har bakin ruwa, mu muka nome ta taku bayan taku, har da ni. Sannan duk maharbin kirki ya san bindigar toka ba ta cika kayar da dorina a harbi ɗaya ba. In kuka ji mata rauni ta koma ruwa da ɗanta, masunta da masu fito da matan da ke wanki a gaɓa su za su ɗanɗana kuɗarsu. Ranar nan ba za a nemi waɗanda suka sa hannu a takarda ba, ni za a nuna da yatsa.

Saboda haka ga abin da nake nema. A ɗage harbin Asabar. A sanar da ma'aikatan gandun daji, don dabbar nan ba ta ƙungiya ba ce da za ta yanke mata hukunci ita kaɗai. A ba ni mutum goma masu fartanya da shebur, mu haƙa gwalalo a mafitarta, wuri biyu ne kacal kuma na san su, mu riƙa turara hayaƙin barkono muna kaɗa gwangwani, har ta gaji ta gangara inda ta fito. In na yi wata guda ba a ga canji ba, ku tara jama'a ku kira ni maƙaryaci, zan tsaya in ji. Sannan a dawo mini da bindigata ta hanyar da aka bi da ita, da rana, kowa yana gani.

In kuwa kun dage sai ran dorinar ne fansar bindigar, to ku riƙe ta. Shekara arba'in ina rataye da ita, ita ce abin da mahaifina ya bar mini, kuma zan yi kewarta fiye da yadda kuke zato. Amma ku sani, ranar Asabar da hantsi ina bakin kogi, a mafitar gabas, da fartanyata, zan fara haƙa ko ni kaɗai ne. Duk wanda kuka ba aikin ya duba da kyau kafin ya ɗana, don mutum zai fara gani kafin dorina.

Allah ya ba ka ikon riƙe shugabancin nan da adalci, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya ko da ba ta yi maka daɗi ba. Allah ya tsare manomanmu da amfaninsu, ya ba mu rani mai albarka.

Wassalam.

Naka, wanda bai fasa girmama kujerarka ba,
Audu ɗan Garba Maharbi